Rigar Ɓarawo a Cikin Kwalba: Magana Kan Allurar Sanƙarau

Akwai wani ɗan kawuna a ƙauyenmu da ke yankin Bunkure, na girme shi da shekara biyu. Idan ka je gonar tumatir ɗinsu da rani za ka same shi kusa da injin ban ruwa, domin shi ake bar wa injin. Dalili kuwa, ƙarar ba ta damun sa. Ba ya jin ta. A bazarar 2017 ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, washegari wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, kafin a samu motar da za ta kai shi asibiti ya daina gane mutane. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma kunnuwan ba su tashi tare da shi ba. Yaron da ya fi ni ƙoƙari a aji, a nan karatunsa ya tsaya.

Na fara da shi ne saboda kada wani ya ɗauka maganar da zan yi maganar littafi ce. Mu 'yan sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje an san mu da son dogon Turanci, to yau na ajiye shi. Ra'ayina ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun yanzu: mutanenmu ba wai ba sa son lafiyar 'ya'yansu ba ne suke gudun allurar rigakafi. Ba a taɓa zaunar da su an gaya musu abin da ke cikin kwalbar ba, kuma ba su taɓa ganin nasu a cikin masu haɗa ta ba. Waɗannan giɓi biyu, mu ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha muna da hannu a cike su, ko mun so ko mun ƙi.

Bari mu fara da cutar kanta. Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ƙwayoyi daban-daban na iya jawo shi, amma mai yi mana annoba a nan ƙasar Hausa wata bakteriya ce da ke zama a hanci da maƙogwaro. Abin mamaki, kusan mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da ita yana yawonsa lafiya lau, yana raba wa jama'a ta tari da atishawa bai sani ba. Sai hunturu ya zo da ƙurarsa ya busar da maƙogwaro, bazara ta biyo da zafinta mutane su cunkushe a ɗaki, sannan ƙwayar ta samu kafa ta shiga jini. Tana iya kashe mutum cikin awa 24. Cikin waɗanda suka tsira kuma, kusan 1 cikin 5 yana fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Yankin da take wannan ɓarna ya miƙe tun daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26, mu kuwa muna tsakiyarsa.

Yanzu ku dubi yankinmu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, ruwa ya riƙa bin kanal yana ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin zaman banza. Shinkafa, alkama, albasa, masara, ga tumatir da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma daidai watannin da sanƙarau ke tashi su ne watannin da 'yan ci-rani da 'yan ƙwadago ke kwararowa daga Jigawa da Katsina har da Nijar. Na sha ganin shago ɗaya da samari goma sha suke kwana a ciki, taga ɗaya, ita ma an toshe ta da buhu saboda ƙura. Su ba sa cikin lissafin mai unguwa, ba sa cikin rajistar asibitin sha-ka-tafi, idan masu allura sun zo gida-gida su suna gona tun asuba. Kuma kafin wani ya ce wannan matsalar ƙauye ce, ya ƙirga mutum nawa ne ke kwana a ɗakinsa na hostal, har da masu laɓewa da ba a rubuta sunansu ba. Mu da su duk kanwar ja ce.

To me ke cikin kwalbar?

Na yi wannan muhawarar da kawuna, mahaifin yaron nan, a ƙofar gida bayan sallar isha'i. Ya ce da ni, "Kai ɗan nan, ku da kuka yi boko, ashe ba cutar ce ake ɗebowa a zuba wa yaro ba?" Na ce, "Kawu, Allah Ya ja kwana, ba ita ba ce. Rigarta ce." Ya yi dariya ya ce in yi masa bayani kamar yadda zan yi wa wanda bai taɓa shiga aji ba. Ga abin da na gaya masa, kuma shi ne gaskiyar kimiyyar.

Ita wannan bakteriya tana sanye da wata riga mai santsi da aka saƙa da wani nau'in sukari. Rigar ce ke sa sojojin jiki su kasa damƙar ta. Kuma rigar ba iri ɗaya ba ce, da ita ake raba ƙwayar gida-gida: akwai A, B, C, W, X da Y, su ne manyan masu ɓarna. Masu haɗa rigakafi sai su rena ƙwayar a cikin manyan tankuna, su kashe ta, su tuɓe rigar, su wanke ta tas, su zubar da sauran. Abin da ke shiga jikin yaro guntun riga ne kawai. Ba shi da rai, ba ya hayayyafa, ba zai iya sa sanƙarau ba. Kamar a kawo wa 'yan sintirin unguwa rigar ɓarawo ne a ce ku dube ta da kyau, duk wanda kuka gani da irinta ku kama. Wannan salon, na ɗaukar wani ɓangare na ƙwaya maimakon ƙwayar gaba ɗaya, shi ne ginshiƙin yawancin alluran da ake yi wa cututtukan bakteriya a yau. Allurar mashaƙo ma danginsa ce: dafin da ƙwayar ke fitarwa ake ɗauka a kashe masa kaifi. Kun dai ga abin da mashaƙo ya yi wa Kano a 2023, kuma akasarin yaran da ya kama waɗanda ba su samu cikakkiyar allura ba ne.

Sai dai akwai wani lauje cikin naɗi da ya ɗauki masana shekaru. Tsohuwar allurar sanƙarau sukarin ne zalla. Tana aiki ga manya na ɗan lokaci, shekara biyu zuwa uku ta sane, amma jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kusan ba ya kula ta. Kuma ba ta share ƙwayar daga maƙogwaro, don haka mai allura ma yana iya ci gaba da rabawa. Shi ya sa a da sai annoba ta ɓarke ake rugowa da ita, kamar masu kashe gobara. Dabarar da ta canza komai ita ce ɗaure guntun sukarin a jikin wani furotin da garkuwar jiki ta riga ta sani kuma take girmamawa, misali dafin cutar sarƙewar haƙora da aka kashe wa kaifi. Na ce wa kawu, ka ga idan ka tura yaro shi kaɗai fada da takarda, dogarai za su ce ya jira, ƙila ma a manta da shi. Amma idan ya shiga riƙe da hannun wani dattijo sananne, za a karɓi takardar, a karanta, a kuma adana. To haka garkuwar jiki take. Da ɗan rakiya, tana riƙe kamannin rigar shekara da shekaru, jarirai ma suna amsawa, kuma ƙwayar ba ta samun wurin zama a maƙogwaro.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To me ya sa ba a taɓa gaya mana haka ba?" Wallahi ban da amsa.

Amma ni ba zan zargi irin su kawu da jahilci ba, domin Kano tana da dalilin tsoronta. A 1996 an yi annobar sanƙarau mafi muni da aka taɓa rubutawa a ƙasar nan, sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ku lura, Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe bakteriya ne da ake ba wanda ya riga ya kwanta. Amma wa zai tsaya yana bambance wannan ga uwar da ta binne ɗanta? A wurinta Bature ya zo da magani, yara sun mutu, shi ke nan. Shekara bakwai bayan haka, a 2003, shekarar da aka haife ni, Kano ta dakatar da allurar shan inna, sai a 2004 aka dawo da ita. Waɗannan abubuwa biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, daga wannan annoba ta 1996 ne kuma aka samu ɗaya daga cikin labarai mafi daɗi a tarihin lafiyar Afirka. Shugabannin lafiya na nahiyar suka nemi a samar musu da allura mai ɗorewa. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa wani shiri da tallafin Gidauniyar Gates. Da aka tambayi ƙasashen abin da za su iya saya, sai suka ce kada kowace allura ta wuce rabin dala. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su ga riba a ciki ba. Wani kamfani a birnin Pune na Indiya, Serum Institute, shi ya karɓi aikin. A watan Disamba na 2010 aka fara yin allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar suka biyo, Nijeriya ta yi nata zagayen daga 2011 zuwa 2014, ta kuma shigar da ita cikin alluran jarirai a 2019. Nau'in A, wanda shi ne ke haddasa mafi yawan annobar da kakanninmu suka sani, tun 2017 ba a sake tabbatar da shi a yankin ba. Ƙwayar da ta yi fiye da shekara ɗari tana cin mutane, allurar da ba ta kai rabin dala ba ta kore ta.

Sai dai an kori A ne kawai. A 2015 nau'in C ya afka wa Yamai. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya tashi daga Zamfara ya shiga Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, sama da mutum 14,000 ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. Aka nemi allurar C, aka tarar abin da ke ajiye a duniya bai isa ba. Muna ji muna gani ana jiran jirgi. Wannan ce bazarar da ɗan kawuna ya kwanta.

Yanzu an samu ta biyar-a-ɗaya, Men5CV, mai ɗauke da rigunan A, C, W, Y da X. Kamfanin Indiyan nan ne dai ya yi ta tare da PATH, an gwada ta a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Yuli na 2023, kuma a watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita, lokacin da cutar ke ɓarna a Jigawa da Yobe da Bauchi. Waɗanda aka nufa su ne 'yan shekara 1 zuwa 29. Ku sake karanta wannan. Ba jarirai kaɗai ba. Ni da kai da ke, da kusan duk wanda ke riƙe da wannan mujallar.

Nau'in B ba ya ciki, kuma dalilin yana da ban sha'awa ga duk mai son kimiyya: rigar B ta yi kama da wani sinadari da ke jikin ƙwayoyin jijiyar ɗan Adam, don haka garkuwar jiki ba ta ɗaukar ta a matsayin baƙuwa. Dole masana a birnin Siyena na Italiya, ƙarƙashin Rino Rappuoli, suka bar rigar, suka karanta dukkan ƙwayoyin halittar bakteriyar da kwamfuta, suka tsamo wasu furotin na fatarta suka yi allura da su. Sa'armu, B ba shi ne ke yi mana annoba a nan ba.

Ga inda zuciyata take ƙuna. Mun yi murna da "ƙasa ta farko a duniya". Ta farko a me? A miƙa hannu. Kwalbar daga Pune ta zo, ƙungiyar Gavi ce ta biya. Alhali ƙasar nan ta taɓa yin rigakafinta. Ɗakin haɗa rigakafi na tarayya da ke Yaba a Legas ya yi aiki tun daga 1940, yana yin na 'yar rani da na shawara da na cizon mahaukacin kare, har ana kai wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi da sunan gyara. Ni dai an haife ni, na yi firamare da sakandare, ga ni ina shirin kare difloma, gyaran bai ƙare ba. A Vom ta jihar Filato har yau ana yin rigakafin dabbobi. Wato saniyar kawuna tana iya samun allurar gida, ɗansa kuwa sai ta ƙetare.

Na san abin da abokina na sashen akanta zai ce, don ya riga ya faɗa min a kantin shayi: in Indiya na sayarwa da araha, me zai sa mu zuba biliyoyi mu gina masana'antar da ƙila ta mutu kamar masaƙun Sharaɗa da Bompai? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ba zan ƙi ba. Haɗa irin wannan allura ba dafa shinkafa ba ne. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, ruwa mai tsabtar da ta wuce ta sha, da gwaji a kowane mataki, kuma kuskure ɗaya na iya zubar da aikin wata shida. Amma ya tuna 2021, lokacin da korona ta yi tsanani a Indiya, aka tsayar da fitar da allura waje, Afirka ta zauna tana kallon hanya. Mai kwana a tabarmar aro ba ya barci mai nauyi. Kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na alluran da Afirka ke amfani da su ake yi a cikinta, Tarayyar Afirka kuma ta ce tana son ya kai kashi 60 nan da 2040. Senegal tana yin allurar shawara a Dakar tun shekarun 1930, ba ta daina ba. Hukumar NAFDAC ta kai mataki na 3 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, wanda yana cikin sharuɗɗan da ake nema kafin duniya ta yarda da abin da ƙasa ta sarrafa. Ba na cewa gobe mu fara tuɓe wa bakteriya riga. Ana iya farawa da ɗurawa a kwalba, da gwajin inganci, da ajiyar sanyi, a hau a hankali.

Kuma su wa za su yi wannan aikin? Farfesa ɗaya ne zai tsara, amma mutum ɗari ne za su tsaya a kan tankuna, su auna, su tace, su gyara injin sanyaya, su rubuta kowane adadi a kan lokaci. Waɗannan ɗarin mu ne, 'yan difloma da ake yi wa kallon ƙannen 'yan jami'a. Amma ku gaya min gaskiya, mu nawa ne muka taɓa rena bakteriya da hannunmu daga farko har ƙarshe? Ni a shekara biyu, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ta ɗakin gwajinmu sau uku na ga an kunna ta. Sauran duk zane muka yi a littafi, muka haddace sunayen sassanta, muka ci jarrabawa. A wurin da na yi Siwes kuwa, wata ƙaramar cibiyar lafiya da ba zan ambata ba, na ga firjin allura mai aiki da hasken rana ya yi mako biyu a mace saboda wata 'yar waya da kowane ɗalibin lantarki na shekarar farko zai iya gyarawa. Ana jiran mai gyara daga birni. Masu haɗa MenAfriVac sun san halinmu, shi ya sa suka tabbatar tana iya jure zafin da ya kai digiri 40 har kwana 4 ba firji. Amma kwana 4 ba mako biyu ba ne.

Don haka ga abin da nake nema daga ƙungiyarmu ta ɗalibai, kuma ba ya buƙatar kasafin da ya kai na makon al'adu. Kafin hunturu mai zuwa, shugabanninmu su je asibitin makaranta su tambaya a rubuce: idan ɗalibi ya tashi da tsakar dare da zazzaɓi da sanƙararren wuya, ina za a kai shi, da wace mota, kuma akwai allurar maganin da za a fara yi masa kafin a isa? Su rubuta wa hukumar lafiya a matakin farko ta jiha cewa duk ranar da zagayen Men5CV ya iso, a sa hostal-hostal a cikin lissafi. Sannan mu 'yan Kura da Bunkure da Garun Malam, da muke komawa gida kowane hutu, mu ɗauki sunayen shagunan da 'yan ƙwadago ke kwana mu kai wa mai unguwa da jami'in allura, mu ce ga mutanen da ba ku gani, ku zo musu da yamma bayan sun taso daga gona, ko ku same su a Kwanar Gafan ranar lodi.

Bayanin rigar ɓarawo kuma kowa na iya yin sa, ba sai ɗan sashenmu ba. Na gwada shi a kan kawu, mutumin da ya taɓa korar masu allura daga ƙofar gidansa da sanda. Bai ce min ya yarda ba, ba halinsa ba ne. Amma da na zo tafiya washegari, ina ɗaure jaka a bayan babur, sai ya ce, "In sun zo da ta biyar ɗin nan, ka yi min waya." Ɗansa yana tsaye gefe yana kallon bakinmu, yana ƙoƙarin gane abin da muke cewa. Na yi masa alama da yatsa a dantse. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki jarkar fetur ya nufi wajen injin.